Mai Fasaha a Agege: Ina Zai Ga Bishiya?

[Kiɗan buɗe shiri, sai kukan jirgin ƙasa daga nesa]

Shirinmu na musamman yau ya yada zango a Agege, kuma da masu fasaha muke magana: mawaƙa, marubuta, masu aikin hula, da ƙannenmu mata masu zanen lalle.

Bishiya ce ta tara Hausawa a garin nan. A farkon ƙarni na 20 Agege gonaki ce, koko da goro ta ko'ina, har manyan manoman wurin irin su J. K. Coker suka kafa ƙungiyarsu a 1907. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, fataken goro suka riƙa sauka a nan, suna saye, suna ɗaure huhu, suna loda wa jirgi. Sannu a hankali baƙo ya zama ɗan gari, Zango ya kafu. To yau, malam, je ka tsaya ƙarƙashin gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021, ka duba gabas da yamma. Kwano, siminti, danfo, hayaƙin janareta. Goron yana nan a faifai, amma bishiyarsa sai dai labari.

Ga abin da ke ci mini rai. Hausarmu a gona da daji ta girma. Yaro haifaffen Agege zai ji kakarsa tana kiran mai taurin kai gawo, ya yi dariya, alhali bai san dalili ba: gawo ne ke kakkaɓe ganyensa da damina, lokacin da kowace bishiya ke tsanwa, sai rani ya yi tsanani ya fito kore shar. Zai ji ana ambaton shamuwa, bai taɓa ganin ta sauka bisa kuka manoma sun fara gyara fartanya ba. Marigayi Na'ibi Sulaiman Wali bai tsara Waƙar Damina daga jin labari ba. Duk wanda ya karanta ta ya san mutumin ya tsaya ya kalli hadari da idonsa. Shi ya sa har gobe ake koyar da ita.

Yanzu saurari abin da ke fitowa daga ƙananan situdiyoyinmu. Murya akwai, kiɗa akwai. Amma kowa fure, kowa wata, kowa tauraro, wannan ya ara daga wancan. Ba rashin basira ba ne, wallahi. Ido ne bai ci abinci ba.

[Kukan shanu da hayaniyar kasuwa]

Kuma ba sai an koma Katsina ba. Ka yi sammako bayan asuba ka leƙa Abbatuwa a Oko-Oba. Ga bajimi an sauke shi daga tirela, ya sha tafiyar kwana da kwanaki, ƙafafunsa na rawa. Ga balbela, fara fat, tana takawa cikin taɓo a gefensa, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta dakata, ta kai cafka, ta fita ko ɗigon laka babu a jikinta. Wanda ya tsaya minti goma yana kallon wannan, in mawaƙi ne ya samu baiti, in mai zane ne ya samu sabon kan hula. Haka ruwan watan Yuni da ke kwana yana dukan kwano, haka hazon Disamba da ke biyo mu har bakin teku yana busar da leɓe.

Mai halin mota da haƙurin gosulo, ya ware rana ɗaya ya je gandun dajin Lekki, wanda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990 a kan fili hekta 78. Akwai gadar igiya mai tsawon mita 401 da ke ratsa saman itatuwa. Kana takawa tana lilo, birai na binka da ido, fadama na ƙarƙashinka. Wanda Lekki ta yi wa nisa, lambun Johnson Jakande Tinubu yana nan Alausa, kusa da mu. Sharaɗi ɗaya ne: waya ta zauna a aljihu. Malamanmu ma kullum suna tuna mana cewa duban halittar Ubangiji da tunani a kanta ibada ce.

Kirana ga malaman Islamiyya da makarantun boko na unguwanninmu: ku fitar da yaran nan ko sau ɗaya a zangon karatu, ku nuna musu bishiya ku faɗa musu sunanta da Hausa da Yarbanci. Iyayenmu na fadar Sarkin Hausawa kuwa, gwamnatin Legas ta ware 14 ga Yuli don dashen itatuwa. A taimaka a nemo mana irin goro da darbejiya a dasa a harabar masallatai da makarantu, a kuma ɗora wa matasa alhakin ban ruwa.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.