Kankarar Fuska da Aska: Bayani Domin Hakimai da Malamansu

Akwai wani aikin gyaran jiki da ya bazu a manyan biranen duniya, wanda Turawa ke kira damafilenin, watau kankare fatar fuska da aska. Da yake sha'anin aska a ƙasar Hausa yana hannun wanzamai ne, su kuwa suna ƙarƙashin Sarkin Aska, ya kamata hakimai da malamansu su san ko mene ne wannan aiki, da amfaninsa, da kuma inda hatsarinsa yake.

Yadda Ake Yin Sa

Fatar ɗan Adam hawa-hawa ce. Hawan da ke can sama matacce ne, yana zubewa da kansa a hankali, sabo na maye gurbinsa cikin wata guda ko fiye da haka kaɗan. Mai aikin yakan wanke fuskar ta bushe, ya ja fatar ta miƙe, sa'an nan ya ɗora irin wuƙar da likitoci ke fiɗa da ita a karkace, wajen digiri 45, ya riƙa kankarewa sannu-sannu. Abin da ke fita shi ne matacciyar fatar da siririn gashin nan mai laushi. Aikin yakan ɗauki kamar rabin sa'a. Idan gwani ne ya yi, ba a jin zafi, ba a kuma ganin jini.

Amfaninsa

Fuska takan yi santsi da sheƙi na 'yan makonni, kana ta koma yadda take. Saboda haka akan bar mako 3 ko 4 kafin a sake. Ba magani ba ne, ba ya kuma shafe tabo mai zurfi. Mata da yawa suna tsoron gashin zai dawo da kauri da baƙi, alhali kuwa ba haka ba ne. Tun 1928 wata masaniya a Amurka, Mildred Trotter, ta gwada ta nuna aski ba ya ƙara wa gashi kauri ko saurin tsiro. Bakin gashin da aka datse ne ke sa a ji kaushi.

Inda Hatsari Yake

Na farko, duk askar da ta taɓa jinin wani tana iya ɗaukar cuta zuwa ga wani. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B takan rayu aƙalla kwana 7 a busasshen jini, ko da ido bai gan shi ba. Goge aska da tsumma ko wasa ta ba ya kashe ƙwayar.

Na biyu, ba a ɗora aska a fuskar da ke da ɗanyun ƙuraje, ko makero, ko gyambo, domin yin haka yana yaɗa cutar. Haka kuma ba a yi wa wanda rauninsa kan warke da tabo mai tudu.

Na uku, baƙar fata takan bar duhun tabo inda aka ji mata ciwo. Sabuwar fatar kuma ba ta jure zafin rana, sai an kāre ta na 'yan kwanaki.

A ƙasar Japan, inda mata suka daɗe suna askin fuska, dokar wanzamai ta 1947 ta sa aikin aska a hannun waɗanda suka koya suka sami lasisi.

Abin da Ake Bukata

Ana roƙon hakimai su tara Sarkin Aska da wanzamai da masu shagunan kwalliya na ƙasarsu, malami ya karanta musu wannan takarda. A ja kunnensu kan abu uku: kowane mutum da sabuwar rezarsa, a buɗe ta a gabansa, a wanke hannu da sabulu kafin aiki da bayansa, wanda kuwa ya zo da ciwo a fuska a tura shi asibiti. Rigakafi ya fi magani.