Kama Da Wane Ba Wane Ba Ce: Kalmomin Ingilishi Masu Rikita Ɗalibi Mai Jin Faransanci

5.1 Gabatarwa

Jihar Kebbi ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar da ta Benin, ƙasashen da aka gina karatun bokonsu a kan Faransanci. Saboda haka malamin da aka tura Jega ko Aliero ko Maiyama yana iya tarar da yaro a ajinsa wanda ya faro karatu a Gaya ko Dosso, kafin fatauci ya ƙetaro da iyayensa ta Kamba. Irin wannan ɗalibi da Hausa ya tashi, da Faransanci ya koyi rubutu, ga shi yanzu ana koyar da shi da Ingilishi. Babban tarkon da ke gabansa shi ne kalmomin da suka yi kama a harsunan biyu amma ma'anarsu ta sha bamban.

5.2 Tushen Matsalar

A shekarar 1066 mutanen Normandi, daga arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi. Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na tsawon ƙarnoni, Ingilishi kuma ya ari dubban kalmomi daga gare shi. Da tafiya ta yi nisa sai ma'anar wasu kalmomin ta sauya a ɗayan harshen, sura kuwa ta tsaya kusan yadda take. A 1928 Maxime Koessler da Jules Derocquigny suka laƙaba wa irin waɗannan kalmomi suna "faux amis", wato aminan ƙarya.

5.3 Misalai

i. "Library" ɗakin karatu ne a Ingilishi, amma "librairie" kantin sayar da littattafai ne.
ii. "Attend" na nufin halarta, "attendre" kuwa jira.
iii. "Lecture" lacca ce a Ingilishi, a Faransanci kuwa karatu ne.
iv. "Journey" tafiya ce, "journée" kuwa yini.
v. "Pass" a batun jarrabawa na nufin cin ta, amma "passer un examen" zama a rubuta ta ne kawai.

Misali na biyar ya fi sauran haɗari. Ɗalibi na iya rubutawa a takardar neman shiga makaranta cewa ya ci jarrabawa, alhali nufinsa ya zauna ta. In sakamako ya fito akasin haka sai a ɗauke shi maƙaryaci, bayan kuwa kalma ce ta yaudare shi.

5.4 Matsayin Hausa

Hausa ita kanta tana da irin wannan. Bahaushen Jega in ya ce "biro" alƙalami yake nufi, domin daga Ingilishi ya aro kalmar. Bahaushen Dosso kuwa ofis yake nufi, domin daga "bureau" ya aro ta. Malamin da ya fara darasinsa da wannan misali ya sauƙaƙa wa ɗalibansa fahimtar sauran, tunda Hausa ce harshen da ya haɗa su duka.

5.5 Dabarun Koyarwa

Malami ya raba allo gida uku: Ingilishi, Faransanci, da ma'anar kowace kalma da Hausa. Kada ya koyar da kalma ita kaɗai; ya sanya ta cikin jumla, ya sa ɗalibi ya gina tasa. Kada ya wuce kalmomi biyar a darasi ɗaya. In ɗalibi ya yi irin wannan kuskure, ya tambaye shi abin da yake nufi da Hausa kafin ya gyara masa. Ya kuma nuna masa cewa kalmomi da yawa, kamar "table" da "nation", ma'anarsu ɗaya ce a harsunan biyu, don kada ya riƙa tsoron kowace kalma da ya gani.

Auna Fahimta

1. Me ake nufi da aminan ƙarya? Kawo misalai uku.
2. Ta yaya Hausa za ta taimaki malami wajen warware wannan matsala?