Rijiya Biyu: Ɗaya a Dufuna, Ɗaya a Ƙasar Sin

Matafiyin da ya baro Potiskum ya nufi Damaturu, kafin ya gyara zama a mota ya iso Mamudo. Yawanci ba ya tsayawa. In ma an ambaci sunan garin, abin da ke faɗo masa a rai shi ne asubahin 6 ga Yulin 2013, ranar da 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren gwamnati suka kashe mutum 42, galibinsu ɗalibai. Allah Ya jiƙansu. Amma ƙasar da wannan hanya ta ratsa ta girmi wannan masifa nesa ba kusa ba, kuma akwai abin da ta ɓoye wanda ya isa a yi takakka a zo gani.

Gaba da Mamudo sai ƙasar Fune. Can kusa da kogin Komadugu Gana akwai ƙauyen Dufuna. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya don shayar da dabbobinsa, sai ya ci karo da itace mai tauri a zurfin kusan mita 5. Ashe kwalekwale ne. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot a Jamus, ciki har da Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tono shi. Tsawonsa ya haura mita 8, an sassaƙa shi daga gungume guda, goshinsa da tsini. Gwajin da aka yi wa itacen a Turai ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Ba a taɓa samun jirgin ruwa da ya kai shi tsufa a duk Afirka ba. Wanda ya sassaƙa shi bai san ƙarfe ba, kuma ya rayu ne a zamanin da Tafkin Chadi ya ninka na yau sau da yawa, ruwa ya mamaye wuraren da yau sai an haƙa rijiya.

Wannan labari yana da ɗan'uwa a lardin Shanshi na ƙasar Sin, wanda kamar Yobe ba shi da gaɓar teku. A 1974 wasu manoma kusa da birnin Shi'an suna haƙa rijiya saboda fari, suka tono gutsattsarin mutum-mutumin yumɓu. Da aka bi sawu sai ga dubban sojoji da dawakai na yumɓu da aka binne kusa da kabarin sarkin da ya fara haɗe ƙasar Sin, wanda ya mutu shekara 210 kafin haihuwar Annabi Isa. Cikin shekara biyar aka buɗe gidan tarihi a kan ramin. A 1987, shekarar da makiyayinmu ya yi tasa haƙar, UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya. Yau miliyoyin mutane ke zuwa kallo duk shekara, masu masauki da direbobi suna cin abinci. Kwalekwalen Dufuna ya girmi waɗannan sojoji da fiye da shekara 5,000, amma tambayi ɗan makaranta a Potiskum ko ya taɓa ganinsa. Abin yana mini ciwo.

Ga shi kuwa jihar Yobe, wadda aka ɓalle daga Borno ranar 27 ga Agustan 1991, duk labarinta na ruwa ne. Sunanta ma na kogi ne. Ruwan Haɗeja da na Jama'are ke haɗuwa su zama Komadugu Yobe, bayan sun malale fadamun Nguru. Nan ne Dagona, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai da hunturu, har mijin Sarauniyar Ingila ya ziyarta a 1989. Tun da aka gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992 ambaliyar ta ragu, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa; masunta da manoman shinkafa ne suka fi ji a jika. Duk da haka Badawa na taruwa bikin su a Gogaram.

A wannan kwari, wajen Gaidam, Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Ngazargamu a ƙarni na 15, ya zama fadar Borno har masu jihadi suka ci shi a 1808. Tudun ganuwa da jan bulo ne suka rage. A arewa kuma, ƙasar Yusufari, tuddan rairayin Tulo-Tulowa ne da dabino a kwarurruka.

Baƙon da ba ya son nisa, Potiskum ta ishe shi. Karar shanunta na cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Ranar kasuwa tireloli ke jeruwa ana loda wa Kudu. Gari ne na Ngizimawa da Karekare da Bolawa, mai fada biyu: ta Mai Pataskum da ta Moi Fika, wadda aka dawo da ita nan a 1924.

Kwalekwalen yana ajiye a Damaturu. Daga ƙofar makarantar Mamudo zuwa can, tafiyar ba ta kai awa biyu ba, kuma bas ɗaya ta isa ɗaukar aji guda.