Tattakin Arba'in zuwa Zariya: abin da ya raya shi, da abin da ya karya shi

A farkon shekarun 2010, duk lokacin da watan Safar ya ratsa tsakiya, manyan hanyoyin da ke shiga Zariya sukan cika da mutane masu baƙaƙen kaya, suna tafiya a ƙafa. Ayarin Kano kan biyo ta Kwanar Dawaki, Kura, Kadawa, Ciromawa, Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, tafiyar da ta haura kilomita 130, wadda kan ci kusan mako guda. Na Katsina kan sauko ta Funtuwa da Giwa, na Kaduna ta Jaji, na gabas kuma ta Pambeguwa da Soba. Almajiran Shaikh Ibrahim Zakzaky ne, 'yan Harkar Musulunci, kuma burinsu su haɗu a Husainiyya Baƙiyatullah da ke kan titin Sakkwato ranar 20 ga Safar, cikar kwana arba'in da kisan Imam Husaini a Karbala a shekara ta 61 bayan Hijira. Mutanen Tudun Wada sun ga abin da idonsu, domin unguwar tana tsakanin birni da Sabon Gari, gidan Malam Zakzaky a Gyallesu yana maƙwabtaka da ita, kuma mai zuwa Husainiyya daga can sai ya ƙetare gadar Kubanni.

Asalin al'adar daga Iraƙi take. A can masu ziyara kan taka daga Najaf zuwa Karbala, kimanin kilomita 80. Gwamnatin Saddam Husaini ta hana, amma da ta faɗi a 2003 sai tattakin ya farfaɗo har ya kai miliyoyin mutane, tashoshin tauraron ɗan'adam suka riƙa nuna shi kai tsaye. Talakan Bici ko na Malumfashi yana kallo, ba shi da kuɗin jirgi, ballantana biza. Tattakin Zariya ya ba shi ziyarar da ba ta buƙatar fasfo: silifa, 'yar jaka, da niyya. Bahaushe kuwa ba baƙo ba ne ga ibadar da ake yi da ƙafa. Kakanninmu sun taka daga nan ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya don sauke farali, wasu suka shekara biyar ko fiye a hanya, wasu suka zauna a Sudan har yau.

Akwai wani dalili da ba a cika ambata ba, wato lokaci. Daga 2012 zuwa 2015 ranar Arba'in ta faɗo ne a Janairu da Disamba, tsakiyar hunturu. An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, manomi ya sami sarari, rana ba ta da zafin bazara, ba kuma ruwan sama da zai jiƙa mai kwana a fili. Mutanen ƙauyukan bakin hanya suna da abin da za su dafa wa baƙo. Da a watan Afrilu abin ya soma, ina shakkar zai tara mata da yara haka.

Babban dalilin dai, a ganina, shi ne son a gan su. 'Yan Shi'a tsiraru ne a Arewa, an daɗe ana sukarsu a kan mumbari. Wanda yake shi kaɗai a garinsu, ana nuna shi da baki, idan ya shiga sahun da ba ya hango ƙarshensa, wani abu kan canza a zuciyarsa. Tsarin ma abin lura ne: maza a gefe, mata a gefe, Hurras, matasan tsaron Harkar, suna kula da sahu, motar abinci da ta masu jinya suna biye. A zango za ka ga dattijo ya miƙe ƙafa, tafin ya yi bororo, wani saurayi da bai taɓa sani ba ya durƙusa yana fasa masa, yana shafa magani. Irin wannan ɗawainiya ita ke ɗaure mutum da jama'a fiye da wa'azin shekara.

Amma a kan titi aka yi tafiyar, kuma titin nan shi ne jijiyar Arewa. Masu tattaki sukan kama hannu ɗaya na tagwayen hanyar Kano zuwa Zariya, motocin da ke zuwa da masu komawa su cushe a ɗaya hannun. Tafiyar awa biyu ta koma wuni. Direban tirela mai ɗauke da tumatirin Kadawa yana kallon kayansa suna narkewa, mai kai mara lafiya asibitin Shika yana cizon yatsa. A cikin gari, mazauna Tudun Wada da Gyallesu sun sha kokawa kan tare hanya da binciken da matasan Harkar ke yi wa masu wucewa. Masu shayi da masu ruwan leda sun yi ciniki, gaskiya ne, amma cinikin mako guda bai wanke haushin da ya taru ba. Shugabannin Harkar sun raina wannan koke, suna ganin duk mai ƙorafi maƙiyi ne. Kuskure ne babba, domin ranar da masifa ta zo, maƙwabta da yawa ba su ji ciwonta ba.

Gwamnati kuma ba ta yi nata ba. Kano tana da Maukibin Ƙadiriyya, wanda ke cika tituna duk shekara, da sanin hukuma, an san hanya an san lokaci. Hawan Sallah ma haka. Ba a taɓa samun irin wannan fahimta mai ɗorewa game da tattakin ba: Harkar ba ta yarda ta nemi izinin gwamnatin da ba ta amince da ita ba, hukuma kuma ta yi ta kawar da kai har abin ya fi ƙarfin 'yan sandan hanya.

Sai jini ya biyo baya. Ranar 27 ga Nuwamba 2015 ɗan ƙunar baƙin wake ya kutsa cikin ayarin Kano a Dakasoye, ya kashe aƙalla mutum 21, Boko Haram ta ce ita ce. Ayarin bai watse ba, ya ƙarasa Zariya. Mako biyu bayan haka, ranar 12 ga Disamba, aka tare ayarin motocin Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Tukur Buratai, a gaban Husainiyya. Ba ranar tattaki ba ce, amma rigimar dai ta hanya ce. Cikin kwana uku sojoji suka afka wa Husainiyya da gidan Gyallesu. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba, wanda gwamnatin Kaduna ta kafa, ya tabbatar da cewa an binne mutum 347 a kabari guda a Mando, soja ɗaya kuma ya mutu. Shaikh Muhammad Turi, jagoran ayarin Kano, yana cikin waɗanda suka rasu. Kwamitin ya zargi Harkar da take doka, ya kuma ce sojoji sun wuce gona da iri. Ni ban ga yadda za a ɗora waɗannan laifuka biyu a sikeli ɗaya ba. Tare hanya laifi ne da kotun majistare ke iya hukuntawa. Ɗaruruwan gawawwaki wani abu ne dabam.

Daga nan tattakin ya rasa masauki, domin an rushe Husainiyya. A Oktoban 2016 gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta haramta Harkar a jihar Kaduna. Ranar 14 ga Nuwamban wannan shekara 'yan sanda suka tare ayarin Kano a Kwanar Dawaki, aka rasa rayuka. Sai aka karkata zuwa Abuja, inda tattakin ya gauraya da neman a saki Malam, wanda ake tsare da shi tun rikicin Disambar 2015, kuma a ƙarshen Oktoban 2018 ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 45 a Zuba da Karu. Babbar kotun tarayya ta haramta Harkar a Yulin 2019. Kotun Kaduna ta wanke Shaikh Zakzaky da matarsa Zinatu ranar 28 ga Yulin 2021, amma haramcin bai tashi ba, kuma a Agustan 2024 an sake arangama a Wuse ranar Arba'in, har da 'yan sanda cikin mamatan.

Yau abin da ya rage shi ne gajerun tattaki na 'yan sa'o'i a garuruwa daban-daban, sau da yawa da sassafe, a watse kafin jami'an tsaro su iso. Arba'in ɗin ma yanzu cikin damina yake faɗowa, lokacin da manomi ba ya barin gona. Hanyar Kano ta huta da cunkoson Safar, Tudun Wada ta daina karɓar baƙin mako guda. Shawarar da kwamitin Garba ya bayar a 2016, cewa a gurfanar da sojojin da ke da hannu a kisan, ita ce har yanzu ba a aiwatar ba, kuma iyalan waɗanda aka binne a Mando ba a ba su gawawwakinsu sun yi musu sutura ba.