Yadda Farashin Hannayen Jari Ke Bin Lokutan Shekara

YOLA: Duk mai sayen hatsi a kasuwar Jimeta ya san cewa masara kan yi araha da kaka, ta yi tsada a tsakiyar damina, kamar yadda raguna kan yi tsada a kasuwar dabbobi ta Ngurore gab da Babbar Salla. Ita ma kasuwar hannun jari tana da irin waɗannan lokuta, sai dai ba kowace shekara suke cika alkawari ba.

Kasuwar Hannun Jari ta Nijeriya ta fara ciniki a Legas a 1961, ta buɗe reshe a Kaduna a 1978, a Kano a 1989, sannan a Yola a 2002. A 2021 aka sake mata tsari, ta koma NGX.

Lokacin da ya fi ɗaukar hankalin dillalai shi ne daga Janairu zuwa Afrilu. Yawancin kamfanoni suna rufe littattafansu a ranar 31 ga Disamba, bankuna ma haka tun 2009 bisa umarnin Babban Bankin Nijeriya, kuma ƙa'ida ta ba su wata uku su bayyana lissafinsu. Saboda haka masu zuba jari kan yi rububin saye da fatan samun rabon riba, farashi kuwa ya tashi. Da zarar an rufe rajistar masu cin ribar, sai a zabtare adadinta daga farashin hannun jarin. Wanda ya saya dab da wannan rana zai karɓi riba, amma darajar abin da ya saya ta ragu daidai da ita.

Yanayi ma yana da tasiri. Cinikin siminti kan ja baya da damina saboda gine-gine suna tsayawa, yayin da kamfanin sukari na Dangote, mai gonar rake a Numan, kan yi girbi da rani. A watan Satumba da Disamba kuwa, wasu kan sayar da hannayen jarinsu domin biyan kuɗin makaranta da hidimar bukukuwa.

A Amurka, Sidney Wachtel ya lura tun 1942 cewa farashi kan tashi a watan Janairu, bayan mutane sun sayar a Disamba domin rage haraji. A Nijeriya ma an ga hakan: ma'aunin kasuwar ya tashi da kimanin kashi 16 cikin ɗari a Janairun 2018, da kashi 35 a Janairun 2024. To amma a Janairun 2009, lokacin karyewar tattalin arzikin duniya, ya faɗi da kimanin kashi 30 cikin wata guda.

Dalili kuwa shi ne, farashin man fetur, darajar Naira, kuɗin ruwa da zaɓe sukan rinjayi lissafin watanni. Haka kuma, idan kowa ya san farashi zai tashi a Maris, sai a fara saye tun Disamba, ribar ta shige kafin lokacinta.

Don haka ya kamata ma'aikaci ko ɗan kasuwa a Yola da Jimeta ya duba lissafin kamfani da tarihin ribar da yake rabawa, ya kuma yi hulɗa da dillali mai rajista da hukumar SEC, kafin ya dogara da wata ko ranar saye.