Wasan Rediyo Ya Fito Fili: Ido Na Kallo, Kunne Na Aiki

Mu da muka tashi a gindin rediyo ba mu manta da daren da za a sa wasan kwaikwayo ba. A ɗora akwatin a kan tabarma, a yi ta juya eriya har Kaduna ta kamu, yaro ya yi motsi a daka masa tsawa. To, abin da muka ɗauka talabijin da wayar hannu sun binne shi, ga shi an tono shi a Ingila da Amurka, har mutane na biyan kuɗi su shiga zaure su kalle shi.

Yadda ake yi ba wuya. 'Yan wasa biyar ko shida su tsaya a kan dandamali gaban makirufo, kowa riƙe da takardarsa yana karantawa. Babu canza tufafi. A gefe kuma ga teburin mai haɗa sauti, kuma shi ne yake sace idon jama'a. Ɓawon kwakwa biyu ya buga su, sai ga doki yana sukuwa. Ya kaɗa fallen kwano, aradu ta faɗi. Ya murza leda kusa da makirufo, wuta ta kama gida. Takalma a cikin farantin tsakuwa kuwa, baƙo ne ya shigo. Kana ganin dabarar ƙuru-ƙuru, amma da ka runtse ido sai dokin ya dawo.

A Amurka wasan da aka fi maimaitawa haka har da "The War of the Worlds", wanda Orson Welles ya gabatar a tashar CBS ran 30 ga Oktoba 1938. An tsara shi kamar labaran gaggawa cewa halittu daga duniyar Mars sun sauka, wasu masu saurare suka firgita, ko da yake jaridun lokacin sun ƙara wa zancen gishiri.

Amma labarin Ingila ya fi tsaya mana a rai. Tsakanin 1954 da 1959 BBC ta watsa wasan ban dariya "Hancock's Half Hour", wanda Ray Galton da Alan Simpson suka rubuta. Wasu kashi 20 daga cikinsa suka salwanta, domin a zamanin ba a ɗauki adana irin wannan da muhimmanci ba. Sauti ya tafi, takardun wasan suka tsira. Wani ɗan wasa mai cinikin tsofaffin littattafai, Neil Pearson, ya ci karo da su, shi ne a 2014 aka soma sake ɗaukar wasannin a gaban 'yan kallo, Kevin McNally yana kwaikwayon muryar Tony Hancock. A 2015 suka kai shi bikin wasanni na Edinbara.

Nan ne maganar ta zo kanmu. Usman Baba Pategi, Samanja mazan fama, ya rasu a 2023, kuma tsaransa da suka san yadda ake wannan aiki sai raguwa suke. Turawa takarda ce ta cece su. Mu kuwa abin da ke kusa da hannunmu shi ne kaset ɗin da iyayenmu suka ɗauka daga rediyo, yana ƙasan adaka, zafi da ƙura na cinsa. Duk mai irinsa ya fito da shi, a juye shi a waya, a samu ɗalibi mai kyawun rubutu ya kwafe maganganun a littafi.

Mun jarraba abin a ajinmu da ɗan gajeren wasa da yara suka rubuta da kansu. Muka rataya zane muka ɓoye 'yan wasan, sauran suka saurara shiru. Da muka yaye zanen suka ga ashe hadarin da ya razana su murfin tukunya ne da tsaba cikin ƙwarya, sai ajin ya ɓarke da dariya, suka ce a sake, wannan karon ba zane.