Kare Barkonon Gida Daga Ɓarnar Iska Da Hadari

A kowace shekara, daga watan Mayu zuwa Yuli, kayan miya kan yi tsada a kasuwannin ƙasar nan, tun daga kasuwar Mile 12 ta Legas har zuwa kasuwannin ƙauyuka. Dalili kuwa shi ne amfanin noman rani ya ƙare, na damina kuma bai nuna ba. A tsakiyar shekarar 2024, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, gidaje da dama sun koma dasa attarugu da tattasai da barkono a bayan ɗaki, wasu a cikin buhuna da tsofaffin bokitai.

Sai dai kuma waɗannan watanni na tsada su ne lokacin da hadarin farkon damina ke tasowa daga gabas da iska mai tsanani. Ke nan shukar ta fi fuskantar haɗari daidai lokacin da 'ya'yanta suka fi daraja. Daga zuba iri zuwa tsinkar farko ana ɗaukar wata uku zuwa huɗu, attarugu ma ya fi haka jinkiri. Wanda ya yi ta sayen ruwa wurin 'yan garuwa tun cikin bazara, ya zuba taki, yana iya yin asarar wannan jari a cikin rabin sa'a.

Barkono ba shi da saiwa mai zurfi, musamman wanda aka dasa, kuma rassansa na saurin tsagewa a mahaɗa idan suka ɗauki 'ya'ya. Iska na kakkaɓe fure, wanda shi ne amfanin makonni masu zuwa, kana ta girgiza gindin har ƙananan saiwoyi su tsinke. Yawan takin yuriya na ƙara ta'azzara lamarin, domin yana sa shukar ta yi tsawo da yawan ganye, jikinta kuma babu ƙwari.

Matakin farko shi ne tokara. Ana kafa sanda mai tsawon kamar mita 1 tun ranar dashe, tazarar tafin hannu daga gindi, ta ɓangaren da iska ke fitowa. Idan aka jira sai shukar ta girma, sandar za ta huda saiwa. A ɗaure da tsumma mai laushi sako-sako, a wuri biyu, a bar wa karan sararin yin kauri. Waya ko zaren roba na yanka shi. Ya kamata kuma a riƙa duba gindin sandar saboda gara. Turo ƙasa a gindin shukar na ƙara mata tsayuwa.

Mataki na biyu shi ne shinge, kuma a nan ne jama'a suka fi yin kuskure. Da yawa na ganin katangar bulo ko kwanon rufi sun fi ba da kariya. Alhali iska idan ta bugi abin da ba ta iya ratsawa, sai ta haura, ta faɗo ta baya tana juyawa, ta murɗe abin da ke wurin. Darnin kara ko zana mai 'yan kafofi sun fi amfani, domin suna tace iskar, su rage mata ƙarfi. Irin wannan shinge na kare fili mai nisan kusan ninki 10 na tsawonsa, wato darni mai mita 2 ya wadatar da lambun gida. Layi biyu na masara ko zogale ta gabas suna yin wannan aiki, ga kuma abin sawa a tukunya. Wannan ka'ida ce aka bi a kwarin Majiya na Jamhuriyar Nijar, inda tun 1975 aka dasa layukan dogon yaro don kare gonakin gero. Amma a cikin gida bai dace a sa irin wannan itace kusa da barkono ba, saboda inuwa da kuma janye laima.

Masu noman buhu sun fi samun sauƙi. Da zarar gabas ta yi duhu, sai a ja buhunan a haɗa su wuri guda a yammacin ɗaki, amma nesa da indararo da bakin rufi, inda ruwa ke zuba da ƙarfi.

Bayan hadari ya wuce, abin gaggawa shi ne ruwan da ya kwanta. Barkono ba ya jure kwana biyu a cikin ruwa, saiwarsa ruɓewa take yi, shi ya sa ake dasa shi a kan kunya, buhu kuma a huda masa ƙasa. Wanda ya kwanta a tayar da shi a ranar, tun ƙasa na da laushi, a danne gindin, a ɗaure. Reshen da ya tsage a yanke shi da wuƙa mai tsabta, 'ya'yan da ke jikinsa kuwa ko ɗanyu ne suna shiga miya. Kada a yi hanzarin tuge wanda ya karye, musamman attarugu: muddin gindin na da rai, yakan yi sabon toho cikin mako biyu zuwa uku, wanda ya fi komawa zuba sabon iri sauri nesa ba kusa ba.